Vladivostok: yadda bariki ɗaya ya zama ƙofar Rasha a Tekun Fasifik

Ranar 2 ga Yulin 1860, wadda ta yi daidai da 20 ga Yuni a tsohuwar kalandar da Rashawa ke bi a lokacin, wani jirgin dakon kaya na sojan ruwa mai suna Manchzhur ya kutsa cikin wani dogon lungun teku da tsaunuka suka yi wa ƙawanya, ya saki anka. Kyaftin ɗinsa, Aleksei Shefner, ya sauke sojan ƙasa 28 da masu igiya su biyu da ƙaramin hafsa ɗaya, Nikolai Komarov. Umarnin da aka ba su ba shi da yawa: su share daji, su gina bariki da ɗakin ajiya, su kafa tuta, su zauna. Daga wannan barikin Vladivostok ta samo asali.

Akwai abin lura a kwanan watan. A ranar da suka sauka, ƙasar ba ta zama ta Rasha a takarda ba tukuna. Yarjejeniyar Aigun ta 1858, wadda gwamna janar na gabashin Saibiriya, Nikolai Muravyov, ya matsa wa wani kwamandan daular Qing ta Sin mai suna Yishan ya sa wa hannu, ta ba Rasha arewacin kogin Amur. Yankin da ke tsakanin kogin Ussuri da teku kuwa an bar shi na tarayya tsakanin ƙasashen biyu, fadar Beijing ma ƙin amincewa da yarjejeniyar ta yi. Sai a Nuwamban 1860, bayan sojojin Ingila da Faransa sun shiga Beijing sun ƙone fadar shaƙatawar sarki, jakadan Rasha Nikolai Ignatiev ya shiga tsakani kamar mai sulhu, ya fito da ladansa: sabuwar yarjejeniya da ta miƙa wa Rasha duk gaɓar tekun har bakin kogin Tumen, kan iyakar Koriya. Wato an riga an kafa bukka wata huɗu da ɗoriya kafin mai gona ya sallama. Sunan ma bai ɓoye niyya ba. Vladivostok na nufin "mallaki gabas", an ƙera shi ne a kan salon Vladikavkaz, sansanin da aka kafa a tsaunukan Kaukasus a 1784.

Kafa tuta shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Rashawa sun isa bakin Fasifik tun 1639, lokacin da Ivan Moskvitin da mutanensa suka gangaro Tekun Okhotsk, amma suka yi fiye da shekara 200 suna sauya tasha. Kowace tasha abu ɗaya ko biyu ke kashe ta: ƙanƙara, ko rashin zurfin ruwa, ko rashin hanyar da abinci zai bi ya iso. Wanda bai san labarin waɗancan tashoshin ba zai ɗauka Vladivostok wata aljannar matuƙa ce aka tsinta. Dama-dama ce kawai a cikin abin da ya samu.

Okhotsk, wadda aka kafa a 1647, tana bakin wani kogi ne da yashi ke toshe masa mafita, mashigar na canza wuri, jirage na kafewa a kanta. Ƙanƙara na rufe tekun fiye da rabin shekara. Mafi muni ita ce hanyar da ke bayanta. Daga Yakutsk tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce ta cikin fadama da tsaunukan Dzhugdzhur, ba hanyar amalanke, sai dawakin kaya. Garin burodi a jakunkunan fata ake ɗora wa doki. Igiyar jirgi mai kauri sai an yanka ta gunduwa-gunduwa, anka sai an raba ta gida-gida, in an isa Okhotsk maƙera su sake haɗawa, ankar da aka yi wa haɗi kuwa ba ta da ƙarfin ta asali. Dawaki sun yi ta mutuwa a hanyar, kuma kuɗinsu a kan buhun gari yake hawa.

A 1850 aka mayar da babbar tasha Petropavlovsk a zirin Kamchatka, garin da Vitus Bering ya kafa a 1740 ya raɗa masa sunan jiragensa biyu. Lungun Avacha da ke can mafaka ce da ba ta da makusa. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: Kamchatka ba ta da hanyar ƙasa da ta haɗa ta da sauran Saibiriya, ba ta noma abin da zai ciyar da runduna, komai sai ta ruwa. Yaƙin Kirimiya ya tona asirin. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 1854 jiragen yaƙin Ingila da Faransa suka kawo hari, mutanen gwamnan Kamchatka, Vasily Zavoyko, suka fatattaki waɗanda suka sauka a tudu, sai dai kowa ya san in suka dawo da ƙarfi babu mai kawo ɗauki. A bazarar 1855 aka sa zarto aka yanka wa jirage hanya a cikin ƙanƙara, aka kwashe sojoji da igwogi da iyalai aka nufi bakin Amur. Abin da ya cece su a hanya sirrin taswira ne. Tun 1849 Gennady Nevelskoy ya gano cewa Sakhalin tsibiri ne, akwai siririyar mashiga tsakaninsa da babban tudu, Rashawa kuma suka ɓoye labarin. Da jiragen Ingila suka iske su a lungun De-Kastri sai suka tsare kudu suna jira, a zatonsu sun ritsa su a inda ba ya ɓullewa. Rashawa suka sulale ta arewa.

Nikolaevsk, wadda Nevelskoy ya kafa a 1850 kusa da bakin Amur, ita ta gaji matsayin. Tana da abin da sauran ba su da shi, wato kogi a bayanta: tun 1854 Muravyov ya fara gangaro da sojoji da kaya ta Amur a kwale-kwale da gadajen gungume. Sai dai bakin kogin cike yake da tudun yashi, babban jirgi sai ya rage kaya kafin ya wuce, ruwan kuma a daskare yake daga wajen Nuwamba har Mayu. Rundunar ruwan da ke kulle wata shida ko fiye a shekara, sunanta ne kawai runduna.

Shi ya sa a daminar 1859 Muravyov ya hau jirgi mai tururi, Amerika, ya bi gaɓar kudu lungu-lungu. Ba shi ne Baturen farko da ya ga wurin ba, jiragen yaƙin Ingila sun leƙa a shekarun yaƙin Kirimiya har sun sa masa Port May a taswirarsu. Muravyov ya ga siffarsa ta yi kama da ta Istanbul, ya sa wa lungun Zolotoy Rog, wato Ƙahon Zinariya, mashigar da ke gabansa kuma Bosfor ta Gabas. Tsawon lungun kusan kilomita 7 ne, a lanƙwashe, ruwansa da zurfi har kusa da gaɓa, don haka babban jirgi na iya matsowa ba sai an yashe ba. Tsibirin Russky na tsaye a gabansa kamar garkuwa, ana shiga mashigar ta gabas ko ta yamma, abin da ke wahalar da mai son toshe ta, ga wurin girka igwa a bisa kowane tudu. An gwada wasu wurare biyu a gaɓar, Olga a arewa da Posyet a kudu, an kuma daɗe ana gardama a kansu. Posyet ta yi kusa da iyaka ainun, Olga kuwa tsaunukan Sikhote-Alin sun raba ta da kwarin Ussuri. Wannan kwarin shi ne hujjar Vladivostok mafi ƙarfi. Daga Khabarovka, wato Khabarovsk ta yau, inda Ussuri ya haɗu da Amur, ana hawa Ussuri, a shiga ƙaramin kogin Sungacha, a ratsa tafkin Khanka, a sauka a Kamen-Rybolov, sannan a bi hanyar ƙasa zuwa kogin Suifun a gangara teku. Tana da wahala, amma dai ana bi.

Inda taswira ke yaudarar mutum shi ne batun sanyi. Vladivostok na kan layi ɗaya da Marseille ta kudancin Faransa, amma iskoki biyu ke mulkin shekararta, tsari irin na hunturu da damina, sai dai hunturun nan ba na wasa ba ne. Daga Nuwamba busasshiyar iska ke kaɗowa daga tsakiyar Saibiriya, sama tas, rana na haske, matsakaicin sanyin Janairu kuma wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Lungun da ruwansa ke kwance, wanda kwanciyar tasa ce ta sa aka zaɓe shi, shi ke saurin daskarewa, daga wajen ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Maris. Da damina iska ta juyo daga teku, ta kawo hazo mai jiƙa tufa a Yuni da Yuli, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya da guguwar teku a Agusta. Kullen wata uku zuwa huɗu ya fi na Nikolaevsk sauƙi, amma bai gamsar da hafsoshin ruwa ba. A 1861, ko shekara ba a cika da kafa barikin ba, jirgin yaƙin Rasha Posadnik ya je ya yi zaman dirshan a tsibirin Tsushima na Japan yana neman mafakar da ba ta daskarewa. Japan ta yi ƙorafi, Ingila ta turo jirage, ya tashi bayan wata shida. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin, manyan jiragen yaƙin Rasha a Nagasaki suka fi cin hunturu, a Japan kuma ake yi musu babban gyara.

Hunturun farko, jirgin yaƙi Griden ƙarƙashin Gustav Egersheld ya kwana a lungun don ya tallafi mutanen Komarov. Ma'aikatansa suka ƙara gine-gine, suka auna zurfin ruwa. Daji ne sosai a lokacin. Damisar Amur, mai zane-zane a jiki maimakon ɗigo-ɗigo, tana shigowa har bakin bariki ta ɗauki kare, shi ya sa ta hau tambarin garin. A 1861 Laftanar Yevgeny Burachek ya karɓi ragamar wurin, a shekarar kuma ɗan kasuwa na farko, Yakov Semyonov, ya zo ya nemi fili.

Ba kango suka tarar ba. Sinawa masunta sun san wurin da Haishenwai, daga sunan wata halittar ƙarƙashin teku mai siffar gurji da ake busarwa a sayar da tsada a kasuwannin Sin. Duk damina suna zuwa su kafa bukkoki su kama ta, su yanki ciyawar teku, wasu su shiga daji neman saiwar ginseng da ƙahon barewa. Can cikin tsaunuka akwai ƙabilun Udege da Nanai, mafarauta da masunta. Semyonov wannan tsohuwar sana'ar ya shiga: ya riƙa tara busasshiyar ciyawar teku yana lodawa zuwa Sin, da ita ya yi arziki har ya zama dattijon gari na farko da aka zaɓa, a 1870. Zaman bai tafi lami lafiya ba. A 1868 hukuma ta kori Sinawa masu haƙar zinariya daga tsibirin Askold, rikici ya watsu zuwa tudu, aka ƙone sababbin ƙauyukan Rashawa ciki har da Shkotovo da Nikolskoye, sai da aka turo sojoji daga arewa.

Gwamnati ta san ba za ta iya cika kantunan garin daga St. Petersburg, babban birnin Rasha a lokacin, ba, don haka a 1862 ta ɗaga wurin zuwa matsayin tasha, aka bar kayan waje su shigo ba kuɗin fito. Wannan ya jawo baƙi. A 1864 Jamusawa biyu 'yan Hamburg, Gustav Kunst da Gustav Albers, suka buɗe kanti, kamfaninsu ya bunƙasa har ya zama yana sayar da komai daga allura zuwa injin noma, yana harkar banki da wakilcin jirage. Lissafin a fili yake: jirgi daga Hamburg ko San Francisco ko Shanghai na kawo kaya da araha fiye da duk abin da zai ratso Saibiriya a bayan doki.

Abinci ne matsalar da ta fi daɗewa, kuma nan ne masu tsarin suka fi yin kuskure. A 1861 aka yi dokar da ta ba kowane iyalin da ya ƙaura zuwa Amur da Ussuri fili desyatina 100, wajen hekta 109, da rangwamen haraji na shekaru. Tayin da kyau, masu amsawa kaɗan, domin tafiyar da kuɗin mutum ce, a amalanke, iyali kan ci shekara biyu ko fiye a hanya suna tsayawa su yi ƙodago su sami guzuri. Waɗanda suka iso kuma da noman gida suka zo: a watsa irin alkama a shimfiɗaɗɗen fili ba kunya, a jira girbi wajen Agusta. A gidansu lokacin girbi sama a bushe take. A Ussuri shi ne tsakiyar ruwa. Gonakin kwari ambaliya ta cinye, na tudu kuma zangarniya ta yi ta shan hazo har funfuna ta kama ƙwaya. Burodin da aka yi da irin wannan gari shi manoma suka sa wa suna "burodin maye": wanda ya ci sai jiri da ciwon kai da amai da rawar jiki, kamar ya sha giya. Daga baya masana suka gano wani nau'in funfuna ne, Fusarium, ke zuba dafi a cikin ƙwayar, zafin tanda kuma ba ya kashe dafin.

A gefensu Koriyawa na girbi lafiya. Sun fara tsallako kogin Tumen a 1863 da 1864, iyalai kaɗan suka kafa ƙauyen Tizinhe kusa da Posyet, sai ambaliya da yunwar 1869 a arewacin Koriya suka koro dubbai. Su da Sinawa kunya suke yi, su shuka a bisanta a layi. Ruwa ya bi kwari ya wuce, iska ta ratsa tsakanin shuka ta busar da raɓa, a yi noma a yi maimai, baɗi a mayar da kunya inda kwari yake. Abin da suke shukawa ma ya dace da wurin: wani ƙaramin gero da ake kira chumiza, da dawa, da waken soya, da masara, waɗanda ke nuna da kaka bayan ruwa ya ɗauke. Sai ya zama manomin Rasha mai hekta 100 yakan ba ɗan Koriya haya ya zauna yana karɓar rabo, ma'ajin soja kuma ya sayo hatsi da shanu daga Manchuriya, wato arewa maso gabashin Sin, da Koriya, garin burodi daga Odessa da Amurka. Garin da aka raɗa wa suna mallaki gabas, gabas ɗin ce ke ciyar da shi.

Duk da haka a 1871 aka yanke shawarar kwaso babbar tashar sojan ruwa daga Nikolaevsk, garin da ya zube da zarar an ɗauke masa runduna. A shekarar ce kuma kamfanin Great Northern Telegraph na Denmark ya shimfiɗa waya ta ƙarƙashin teku daga Vladivostok zuwa Nagasaki da Shanghai, aka haɗa ta da wayar tangarahun da ta ratso Saibiriya. Saƙon da ke cin watanni a jakar ɗan aike ya daina jiran doki, ɗan kasuwa ya san farashin Shanghai kafin ya yi oda. A 1875 aka kafa majalisar gari, a 1880 aka ba wurin matsayin birni, mutanensa ba su kai dubu goma ba.

Abin da ya sauya lissafi da gaske daga Masar ya fito. Buɗe mashigin Suez a 1869 ya sa jirgi daga Odessa ba sai ya zagaya Afirka ba. A 1878, ana fargabar yaƙi da Ingila, aka yi gangamin tara kuɗi a Rasha aka sayi jirage masu sauri da za a iya ɗora wa igwa in ta ɓaci. Wannan shi ne Dobroflot, Rundunar Sa-kai. Yaƙin bai zo ba, jirage na cin kuɗi a tsaye, sai aka sa su layin gabas. Daga 1880 suka riƙa zirga-zirga a kai a kai ta Bosfor, Port Said, Bahar Maliya, Kolombo, Singafo da Nagasaki, tafiyar kwana 40 da wani abu. Suna tafiya da sojoji da fursunonin da ake kaiwa Sakhalin da kayan gwamnati. Don kada su dawo wayam sai su biya Hankou a kan kogin Yangtze su yi lodin ganyen shayi na kasuwar Rasha. Shayin da tallafin gwamnati su suka riƙe layin.

Daga 1883 aka fara ɗauko manoma ta wannan hanya, yawancinsu daga lardunan Yukren irin su Chernigov da Poltava, a ƙarƙashin ofishin da Fyodor Busse ke shugabanta. Lokaci ne ke juya tsarin gaba ɗaya. Dole jirgi ya bar Odessa wajen Maris don ya iso bayan ƙanƙara ta narke, kafin shuka ta wuce, domin iyalin da suka makara sun rasa damina guda ke nan, sai su ci jarinsu har baɗi. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba aka cusa a ɗakunan kaya aka ratsa zafin Bahar Maliya da su, cututtukan yara irin su ƙyanda na yaɗuwa a cunkoson, ba duk yaran da suka hau a Odessa ne suka sauka ba. A Vladivostok akwai barikin da aka gina musu. Nan suke jira wakilansu su je su dubo fili, su sayi doki da saniya da garma, su nufi kwarin Suifun da Khanka. Tafiyar shekara biyu ta koma wata ɗaya da rabi.

Hannun da ya gina birnin kuwa na 'yan ci-rani ne, sai dai nasu ci-ranin da damina ake yi. Duk bazara jirage na kwaso Sinawa daga lardin Shandong ta tashar Chefoo, magina da kafintoci da masu fasa dutse da 'yan dako, in sanyi ya kama a koma gida da abin da aka tara. Su ne a wurin bulo, su ne a kasuwar ganye, su ne a kwale-kwalen fito. Har ruwan sha a kafaɗarsu yake, domin birnin na kan zirin dutse mai ƙarancin ƙorama, rijiyoyi ba su isa ba, sai 'yan garuwa Sinawa da sanda a wuya suna hawa tudu gida-gida. Unguwarsu, Millionka, ta cushe a tsakiyar gari. Hukuma na tsoron yawansu, tana ta ƙaƙaba musu takardu da haraji, amma duk ɗan kwangilar gwamnati ya san in babu su bango ba zai tashi ba. Ƙidayar 1897 ta sami mutum kusan dubu 29, fiye da kashi 80 cikin 100 maza ne, soja da matuƙi da leburan da ya baro iyali a gida. An sare dajin tsaunukan don katako da itacen ɗumama ɗaki, ruwan Agusta ya riƙa gangarowa da laka yana yanka kwazazzabai a tituna.

Kuɗin gwamnati kuma fargaba ke kawo shi. Rikici da Sin a kan yankin Ili a 1880 ya jawo ƙarin sojoji, haka mamayar da Ingila ta yi wa tsibiran Komundo na Koriya a 1885. A 1889 aka ayyana birnin a matsayin sansanin tsaro.

Ranar 31 ga Mayun 1891 yarima mai jiran gado, wanda ya zama Nikolai na II, yana hanyar dawowa daga Japan, ya cika baro da ƙasa ya tura ya juye a inda layin dogo zai bi. An fara layin Saibiriya daga ƙarshensa na gabas ke nan, kuma ƙarafan dogon da kawunan jirgin ta teku suka zo. Sojoji da fursunoni da leburori Sinawa da Koriyawa suka yi aikin, ambaliya na wanke ciko da gadoji, cutar dabbobi na kashe dawakin kaya, sauro da ƙudan daji sun hana sakat. A 1897 abubuwa suka haɗu kusan lokaci guda. Layin Ussuri mai tsawon kusan kilomita 770 ya isa Khabarovsk. An buɗe busasshen ramin gyaran jirgi, inda ake shigar da jirgi a rufe ƙofa a zuƙe ruwan a yi aiki a gindinsa, don haka ba sai an kai shi Japan ba. Sannan jirgin fasa ƙanƙara Nadezhny, ƙirar Kopenhagen, ya iso. Gabansa a karkace yake: yakan hau bisa ƙanƙarar ya danne ta da nauyinsa ta tsage, in ta yi kauri ya ja baya ya sake hawa da gudu. Dole kuma ya riƙa bin hanyar a kai a kai, in ba haka ba ta sake haɗewa. Da shi tashar ta fara aiki duk shekara.

Ana gama wannan sai St. Petersburg ta juya ido wani wuri. A Maris ɗin 1898 Rasha ta karɓi hayar Port Arthur daga Sin ta shekara 25, tashar da ba ta daskarewa, ta kwashe manyan jiragen yaƙi zuwa can, ta zuba kuɗi a sabuwar tashar kasuwanci ta Dalny. Layin dogon da ya ratsa Manchuriya ta Harbin, wanda aka buɗe a 1903, ya gajarta hanyar zuwa Vladivostok, amma reshensa na kudu ya janye kaya zuwa Dalny. A 1901 kuma aka soke dokar shigo da kaya ba fito. Yaƙi ne ya dawo wa birnin da matsayinsa. A Maris ɗin 1904 jiragen Japan suka yi masa luguden wuta daga nesa ba tare da wata ɓarna mai yawa ba, Port Arthur ta faɗi a Janairun 1905, yarjejeniyar Portsmouth ta miƙa ta da Dalny ga Japan. Injiniyoyin soja suka koma bisa tsaunuka da tsibirin Russky suna zuba kankare. Aka fara layin Amur don jirgin ƙasa ya iso ba tare da ya taka ƙasar Sin ba, aikin da bai cika ba sai da aka gama gadar Khabarovsk a 1916. A bakin ruwa kuma, a kan zirin da ke ɗauke da sunan Egersheld, kyaftin ɗin da ya kwana da sojojin Komarov a hunturun farko, taragu daga Harbin na sauke buhunan waken soya, 'yan dako Sinawa na ɗora su a jiragen da za su kai su matatsun mai na Turai.